Jitocin Dalma

A layin shagunan da ke bayan tashar mota, tsakanin mai facin taya da wata mata mai sayar da labule, a da akwai shagon wani mai gyaran fanka da kowa ke kira Dalma. Sunan ya samo asali ne tun yana saurayi, don duk inda ya zauna sai an ji ƙaurin dalmar da yake liƙa waya da ita, kuma ya bi shi har 'ya'yansa ma sai sun ɗan yi tunani kafin su tuna sunansa na gaskiya. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa. Ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye shi kuwa sai ya auna amsar tukuna kamar mai gwada waya da mitar lantarki. Aikinsa naɗin koyil ne, wato wayar tagullar da ke cikin inji, na fanka da injin jan ruwa da injin markaɗe. Amma wanda ya leƙa can ƙuryar shagon, bayan tarin fankokin da masu su suka manta da su, zai ga jitoci biyar rataye a bango, masu dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, irin waɗanda makaɗa ke kira bas. Babu ɗaya a cikinsu da take yadda aka ƙero ta.

Dalma bai taso a gidan kiɗa ba. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne wanda ko rediyo ba ya kunnawa sai lokacin labarai. Yana da shekara goma sha tara ya sami aiki a sashen lantarki na wani kamfanin kwalabe. Kamfanin yana da kulob na ma'aikata, wani dogon ɗaki mai rufin kwano da kujerun ƙarfe a bayan wurin cin abinci, inda ƙungiyar makaɗan ma'aikata ke wasa duk Asabar daga ƙarfe uku zuwa shida na yamma. Shugaban ƙungiyar wani babba ne a sashen lodi, mai busa begila, gajere mai faɗin ƙirji, ana kiransa Ciyaman ko da yake babu wanda ya taɓa zaɓensa.

Amfilifayar ƙungiyar, wato na'urar ƙara sauti, tsohuwa ce, duk bayan sati biyu sai wani abu ya ƙone a cikinta, sai a aika a kira Dalma. Tun yana gyarawa ya tafi, har ya fara zama a bayanta da sukurdireba a aljihu yana jiran ta sake mutuwa. A shekara ta uku aka yi wa mai kaɗa bas canjin wurin aiki. Ciyaman ya duba ɗakin bai ga wanda ba shi da abin yi ba sai Dalma, ya rataya masa jitar a wuya, ya ce tunda kullum yana nan, gara ya zama mai amfani. Tsirkiya huɗu ce kawai, in ji shi, ko makaho ya iya.

Ya iya ɗin, amma iyawar ba ta wuce nan ba. Ba ya ɓata kiɗa, ba ya kuma ƙawata shi. Mai ganga ya ce Dalma na kaɗa bas kamar janareta, ba ado, ba tsayawa, kuma ba a sanin yana aiki sai ya mutu. Dalma ya ɗauki wannan a matsayin yabo, wataƙila ma yabon ne.

Abin da ya fi jan hankalinsa ba kiɗan ba ne, abin da ke cikin jitar ne. Wata Lahadi ya tafi da ita gida, ya kwance murfinta a kan teburin cin abinci. A ƙarƙashin tsirkiyoyin, daidai tsakiyar jikinta, akwai wani baƙin abu mai gida biyu, ɗaya ya ɗan gota ɗaya. Makaɗa suna kiransa fikof. Shi ne kunnen jitar, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki ya miƙa wa sifika. Da Dalma ya buɗe shi sai ya ga ashe ba komai ba ne illa siririyar wayar tagulla da aka naɗe a kan maganaɗisu, wato abin da yake yi tun safe har yamma a kamfani, sai dai wannan wayar ta fi gashi siranta. Ya daɗe yana kallonsa. A ransa ya ji kamar ya yi shekara uku yana gaisawa da mutum, sai yau ya gano ɗan gidansu ne.

A lokacin bai fi wata takwas da aure ba. Matarsa tela ce, tana ɗinki a falo, mace mai saurin magana wadda ta ɗauki nauyin surutun gidan duka tunda shi ba ya taimakawa. Ranar da ya ce mata yana neman fikof na biyu, ta ajiye almakashi ta tambaye shi ina na farkon yake, kuma ina za su ajiye mota biyu alhali ko keke ba su da shi. Da ya nuna mata abin a tafin hannunsa, ta ce to wannan ko a aljihu ma ya yi fakin.

Dalilin neman na biyun shi ne wata ƙungiya da ta zo kulob ɗin daga wani kamfani. Bas ɗinsu tana da fikof biyu dogaye sirara kamar yatsu, ɗaya yana can kusa da gindi inda tsirkiyoyi suka ƙare. Tasa jitar tana da murya mai kauri da nauyi, wadda ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Tasu kuwa tana da kaifi da ɗan gurnani, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Sauran mutane suka ji kiɗa suka tafa. Shi kuwa ya koma gida da tambaya ɗaya: me zai hana jita ɗaya ta mallaki muryoyin biyu?

Ya sami siririn fikof ɗin a wurin masu sayar da tarkacen rediyo, a mace, wayarsa ta tsinke a ciki. Ya warware shi ƙarƙaf. Naɗawar ce ta zama aiki, don injin kamfani tsinka wayar yake yi da an kunna shi. Matarsa ce ta ce ya gwada abin naɗa zare na keken ɗinkinta. Suka ɗaura fikof ɗin a jikinsa, ita tana taka keke a hankali, shi yana riƙe da wayar tsakanin yatsu biyu yana ƙirga zagaye. Zagaye dubu takwas yake nema. Sau huɗu wayar tana tsinkewa, sau ɗaya ma sun haura dubu shida, kowane lokaci kuma sai an koma farko. Ta ce masa da ta san haka auren ma'aikacin lantarki yake, da ta nemi a rubuta mata a takarda. Amma ba ta daina takawa ba. A Lahadi ta uku suka gama.

Saura gurbin da zai zauna. Akwai kafinta a sashen da ake harhaɗa akwatunan kwalabe, abokin shan shayinsa. Dalma ya kai masa jitar a lokacin hutun rana, ya zana masa wurin da fensir. Kafintan ya tambaya ko Ciyaman ya sani. Dalma ya ce zai sani. Aka sassaƙa ramin, ya ɗan karkace a gefe ɗaya, fenti kuma ya ɓantare a bakinsa. Ranar Juma'a da yamma ya liƙa wayoyi, ya ƙara maɓallin murɗa sauti na biyu. Ya kunna tsohon fikof shi kaɗai, lafiya lau. Ya kunna sabon shi kaɗai, ga kaifin nan da gurnanin da yake nema. Kafin ya gwada su tare mai gadi ya zo rufe kulob.

Washegari ake bikin sallamar babban injiniyan kamfanin da zai yi ritaya. An cika ɗakin, manya na gaba da matansu. Ciyaman ya ɗaga begila ya ba da alama, Dalma ya buɗe maɓallan biyu har ƙarshe ya ja tsirkiya. Abin da ya fito daga sifika wata 'yar siririyar murya ce ta hanci, kamar sauro ya shiga gwangwani. Duk nauyin da ke riƙe kiɗan ya ɓace. Mai ganga ya waiwayo. Ciyaman ya waiwayo da begila a baki, idonsa ya faɗa kan sabon ramin da ɓantararren fenti, ya ci gaba da busa yana kallon ramin.

Daga baya Dalma ya gane abin da ya faru. Ya juya wayoyin sabon fikof ɗin, saboda haka in ɗaya ya tura sai ɗayan ya ja, suka cinye ƙarfin juna. Da ya rufe maɓalli ɗaya kawai, da komai ya daidaita nan take. Amma a lokacin tunanin bai zo masa ba. Amfilifaya ya zarga, don ita ya saba zargi, ya riƙa ɗan harbin ta da dunduniya. Haka aka yi waƙa uku.

Da aka tashi, Ciyaman bai ɗaga murya ba. Ya sa yatsa a cikin ramin ya shafa bakinsa, sannan ya ce, "Dalma, wa ya aike ka?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To, je ka inda babu kowan yake, ka kaɗa masa."

Ranar Litinin aka kai ƙararsa ofis kan lalata kayan kamfani. Mai kula da sito ya yi kwana biyu yana binciken takardu, ya dawo ya ce ai wannan jitar an soke ta daga kayan kamfani tun shekara bakwai da suka wuce, a rubuce ta lalace an zubar. Ba a iya hukunta mutum kan abin da babu shi. Aka ba shi takardar gargaɗi kan amfani da lokacin kafinta, aka sayo wa ƙungiya sabuwar bas, aka ba wani magatakarda. Tsohuwar kuwa babu wanda ya tambaya, sai Dalma ya saɓa ta ya tafi gida.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Ya sauya wayoyi biyu, ya haɗa da wata ƙaramar sifika da ya ƙera da kansa, ya buɗe maɓallan duka. Muryar ta fito yadda ya yi ta ji a kansa tsawon watanni, nauyin yana ƙasa, kaifin yana bisa. Matarsa kaɗai ta ji. Ta ce da daɗi, amma ya rage, don kofuna suna rawa a kan kantar kwanuka. Bai koma ƙungiyar ba, ba a kuma neme shi ba. Mutane sun zaci abin ya yi masa ciwo. Shi dai ya lura cewa Asabar ɗinsa ta dawo hannunsa, kuma ba ya kewar tsayawa a gaban jama'a ko kaɗan.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kamfanin kafin a rage ma'aikata. Lokacin suna da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya da ake kira Auta. Ya kama shagon bayan tasha ya shiga gyaran fanka. Jitocin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya fita nema ba sosai. Wata wuyanta ya tsage, wata ta sha ruwa a wani ɗakin ajiya, wata jikinta kawai aka kawo masa a buhu. Kowacce sai ya haɗa mata fikof iri biyu da ba a saba haɗawa ba. Akwai mai gida biyu da siriri, irin ta farko. Akwai wadda ya sa wa wani faffaɗa mai kama da sabulun wanka a gindi, da siriri a sama. A cikin kowane rami yakan rubuta yawan zagayen wayar da fensir kafin ya rufe.

Haɗin yana da nasa rigingimun, kuma su ne suka cinye masa shekaru. Siririn kullum muryarsa ba ta kai ta mai gida biyu ba, sai ya ɗaga shi kusa da tsirkiya, ko ya warware ya ƙara zagaye, in ya ƙara da yawa kuma kaifin ya dushe. Ga shi da kwasar ƙugi daga dogon ƙwan lantarki da firji da duk abin da ke kusa. Ya shimfiɗe cikin ramukan da siririn fallen tagulla, ƙugin ya ragu, bai tafi ba. Mai facin taya, wanda ke jin gwajin ta bango, ya ce shekara ashirin yana sauraron waƙa ɗaya mai kalma huɗu, har yanzu bai ji ƙarshenta ba.

Sannu a hankali makaɗa suka san da shi. Sukan zo da jita a jaka, su tsallake fankoki, su yi bayanin muryar da suke so da hannu da baki, shi yana sauraro yana kallon ƙasa. Ciyaman ma ya taɓa zuwa, ya tsufa, da fankar tebur a hannu. Ya ga jitar a bango da raminta karkatacce. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar waɗanda suka rasu a cikin abokan aiki. Ya karɓi fankarsa bayan kwana biyu. Babu wanda ya ambaci jita.

Wata rana wata mata ta zo da mota, shekarunta kamar talatin, da bas mai tsada a akwati mai kulle. Kiɗa ne sana'arta, tana bin manyan mawaƙa ɗakin ɗaukar sauti. Ta ce tana so ya fasa mata rami na biyu. Dalma ya juya jitar a hannu, ya duba katakon, ya ce ba zai taɓa ta ba. Ta ce ai tata ce. Ya ce ya sani, amma rami in an fasa ba ya komawa, shi kuma ya fasa isassu ya san haka. Ya sauko da mafi munin jitocinsa, wadda ta sha ruwa, fentinta duk ya tashi, ya miƙa mata.

"Tafi da wannan wata ɗaya, 'yata. In har yanzu kina son ramin, ki dawo."

Ta kalli jitar ta kalle shi. "Kawu, in na shiga da wannan wurin aiki, cewa za a yi na tsinto ta a bola."

"Kusa da bolar ne," in ji shi.

Ba ta dawo da ita ba sai bayan wata biyar, ba ta kuma sake maganar rami ba. A tsakanin nan ne matarsa ta fara ciwon da ya riƙa kai su asibiti duk sati. Wata safiya yana zaune a layin karɓar magani, rediyon ma'aikaciyar da ke bayan taga yana kunne ƙasa-ƙasa, sai aka sa wata sabuwar waƙa. Bai san mawaƙin ba. Amma a ƙarƙashin waƙar ya ji muryar jitarsa, har da ɗan gurnanin tsirkiya ta uku da ya yi fama da shi bai iya cirewa ba. Ya juya ya ce wa mutumin da ke kusa da shi, wani dattijo mai bandeji a ƙafa, wannan bas ɗin shi ya naɗa ta. Dattijon ya ce madalla, ya tambaye shi ko layin na motsi. Da ya koma ɗaki ya gaya wa matarsa, ta ce to a gaya wa mawaƙin akwai ƙafar tela a cikin waƙarsa. Ba a kan kekenta aka naɗa wannan ba, amma bai gyara mata ba.

Ta rasu a shekarar da ta biyo. Dalma bai rufe shago kwana arba'in ba. Kwana tara kawai ya yi, don zaman gida ya fi masa wuya fiye da aiki. Matar nan mai kiɗa ta zo gaisuwa, daga baya ta ce ya bi ƙungiyarsu yawon wasa ya riƙa kula musu da kayan kiɗa, ko ya sami canjin iska. Ya bi su sati uku. Ya tarar aikin yawanci ɗaukar kaya ne da canza tsirkiya da jira, makaɗan kuma ba sa son a buɗe musu jita ana gobe wasa. Ya dawo da ciwon baya, ya ce mata ya gode, ya gani.

Yana da shekara sittin da biyu hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko yakan jingina shi da gefen tebur ya ci gaba. Daga baya dalma ta fara ɗiga inda ba a so, siririyar waya kuwa ba ya iya riƙe ta ko zagaye ɗari. Manyan 'ya'yan, da ke aiki a nesa, suka ce ya rufe shago ya huta. Auta kuwa ba ta bi bayansu ba. Ita a lokacin tana da nata shagon gyaran wayar hannu, da miji da ɗa ɗaya, kuma ta fi ubanta iya liƙa waya tun tuni, ko da yake ba su taɓa faɗa ba. Sai ta fara zuwa ranar Lahadi da nata kayan aikin. Ta ƙera abin naɗi da ɗan ƙaramin inji mai ƙirga zagaye da kansa. Ba ta iya kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba, ba ta kuma sha'awa. Ita mita take bi, shi kunne, saboda haka kusan kowace Lahadi sai sun yi musu. Takan ce, "Baba, lamba ba ta ƙarya." Yakan ce ba lamba za a saurara ba. Yawanci a ƙarshe tana yin yadda ya ce, wani lokacin kuma ta yi yadda take so ba ta gaya masa ba, ya ji ya ce yanzu ya yi.

Shekara biyu da suka wuce aka sayar da layin shagunan, sabon mai shi ya ce zai rushe ya gina wurin ajiye motoci. Dalma bai yi jayayya ba. Ya kira masu fankokin da ya iya tunawa, sauran ya bar wa mai sayen tarkace. Jitoci uku ya rabar ga makaɗan da suka saba zuwa, kowa ya ba shi wadda ya ga ta dace da hannunsa, ba wadda ya roƙa ba. Biyu ya tafi da su gidan Auta, bene hawa na uku, inda aka ba shi ɗaki mai taga da ke kallon filin ƙwallo.

A sati na farko matar da ke zaune a ƙasansu ta hau, tsohuwar malamar makaranta mai sanda, ta ce in yana kaɗa jita agogon bangonta yana motsi, kuma tana jin abin a haƙoranta. Dalma ya ba ta haƙuri ya ce zai daina. Ta ce ba ta ce ya daina ba, ta ce tana jin sa ne. Ta zauna a kujera ta lissafa masa lokutan da ba ta gida: daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi tana zuwa wurin jikokinta, kullum ban da Laraba. Ya sa Auta ta rubuta masa a takarda ya manna a jikin ƙofa.

Yana bin jadawalin har yau. Ƙarfe huɗu yakan leƙa ta taga ya ga ta fita da sandarta, sannan ya kunna sifika. Hannun ba ya rawa sosai in yana kan tsirkiya. Ranar Laraba kuwa maƙwabta ke kawo masa fankokinsu, ya kwance, ya nuna wa mijin Auta inda matsalar take.